Sunan da Umma Ba Ta Taɓa Kira Ba

Duk wanda ya taɓa zama a soron gidanmu na unguwar Harra ta Yamma a Madina zai ce maka labarin Bayahudiyar nan da Habboba take ba mu labarin kunya ne. Haka Gwaggo Ladi ta ɗauke shi, haka Abba ya ɗauke shi, haka matan unguwa da suke hawowa shan gahawa suka ɗauke shi. Har yau idan yarinya ta yi rashin ta-ido a danginmu sai ka ji an ce, "Ke, Bayahudiyar Habboba ma ta fi ki." To duk ba su gane ba. Ba labarin kunya ba ne, kuma ba don mu yara take ba da shi ba. Ni kaina sai da aka kai mutum biyu makabarta sannan na gane, kuma ganewar ba ta gyara komai ba.

Habboba kakata ce, ita ta haifi Abba. Sunanta Yalwa. 'Yar Kano ce ta asali, amma tana goye aka baro garin da ita, lokacin da iyayenta suka kamo hanyar Hajji a ƙasa. Tafiyar ta ci musu shekaru. Suka yada zango a Umdurman ta ƙasar Sudan suna neman guzuri, a can ta yi wayo, a can aka yi mata aure, sai daga baya ta haye ruwa ta iso Madina. Shi ya sa muke ce mata Habboba, yadda jikokin Sudan suke kiran kakanninsu. Hausarta ma daban ce: rabi tsohuwar Hausar Kano wadda ko a Kanon an daina ji, rabi Larabcin Sudan.

Mutanen gida suna zaton Madina zafi ce kawai. Su zo da hunturu su gani. Sanyin Harra daga baƙaƙen duwatsun nan yake tasowa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kama mutum a gwiwa. Da an idar da magariba Habboba za ta sa a hau mata da kaskon wutarta soro. Ba ta yarda da gawayin kanti. Busassun rassan dabino take ƙonawa, waɗanda wani tsohon abokin marigayi kakanmu yake kawo mata daga gonakin Awali, wai hayaƙinsu ne kaɗai ba ya sa ta tari. Ta soya gahawa, ta daka da citta, ta zuba a jabana, ɗan tulunta na ƙasa mai dogon wuya da ta zo da shi daga Sudan. Mu yara ba a ba mu, sai dai a tsoma mana guntun burodi. Ni da ƙannena biyu da 'ya'yan Gwaggo Ladi, yayar Abba, mukan dunƙule cikin bargo ɗaya muna faɗa a kan wanda zai samu tsakiya. Idan wani ya ɓarke da Larabci, yadda muka saba a makaranta da kan layi, sai ta ɗaga muciyar wuta.

"Da Hausa! Larabcinku ku bar shi a ƙasan bene tare da takalmanku."

Abba ba kasafai yake nan ba. A filin jirgi yake aikin sauke kayan alhazai, yawanci da yamma yake fita. Umma kuwa kullum tana soron, amma ba ta zama kusa da wuta. Wurinta bakin matakala ne, da babban faranti a cinya da 'yar wuƙa. Tana tsaga dabino, ta cire ƙwallo, ta cusa lauz, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, a ciki, wa wani mai shago kusa da Harami. Kowane dare Habboba sai ta ce mata, "Zainaba, matso ki sha ɗumi." Kowane dare amsar ɗaya ce: "Hannuna da aiki, Hajja."

Tatsuniyoyin Habboba suna da yawa, na kura da na dila da na 'yan mata masu taurin kai. Amma akwai wanda take dawowa kansa duk sanyi, sau biyu, sau uku, har muka haddace. Idan za ta fara shi takan tura jabana gefe ta ce, "Ku gyara zama. Na yau babu kura a ciki, babu aljani. Mutane ne zalla, shi ya sa ya fi ban tsoro."

Tana budurwa, in ji ta, take wankau a gidan wani Bayahude mai sayar da yadi a Umdurman. Bayan an gama babban yaƙin Turawa sai ya kawo mata daga can ƙasarsu ta sanyi. Sunanta Rahila. "Siririya, kamar an rataye riga a jikin sanda. Yarinya ce ƙarama amma kanta ya yi furfura." A hannunta na hagu akwai wani shuɗin zane. Habboba ta ɗauka tsagar gado ce, har ta tambaye ta, "Sitti, uwar ɗakina, ashe ku ma kuna tsaga?" Matar ta ja hannun riga ta rufe. Sai daga baya ta ji cewa lamba ce. Sojojin Jamus ne suka tara mutanensu kaf, maza da mata da jarirai, suka zuba su a sansani, suka yi musu lamba kamar dabbobi, suka kashe mafi yawansu. A gidansu Rahila ita kaɗai ta fito.

Ta kuwa yi ƙoƙarin sake rayuwa, wannan Habboba ba ta taɓa rage mata ba. Ta koyi Larabci. Ta sa mijin ya sayo mata keken ɗinki, har matan manya suka riƙa aiko mata da yadi. Ta dasa lemun tsami a tsakar gida tana ba shi ruwan wanke-wanke. Ta yi ƙiba kaɗan. Ranar Juma'a da yamma ta kunna kyandir ta rufe fuska da tafukanta. Sai dai duk ranar da Habboba ta je cire zanin gado sai ta tarar da busasshen burodi a ƙarƙashin matashin kai, alhali ga abinci a gidan har ana ba almajirai da maƙwabta. Ta mayar da shi inda ta gan shi.

Sai Allah ya ba ta haihuwa, 'ya mace. Mijin ya sa wa jaririyar Dina, sunan ƙanwar Rahila da ta mutu a sansani. "Su ma suna mayar da sunan mamaci," in ji Habboba, "kamar mu. Ya ɗauka kyauta ya yi mata."

Tun daga ranar Rahila ba ta taɓa kiran sunan ba. Tana yi wa yarinyar wanka, tana ɗinka mata rigunan da babu irinsu a unguwar, tana tsayawa a kanta idan ba ta da lafiya. Amma sai dai "ke", sai dai "zo nan". Ba ta riƙe hannunta. Idan za su fita kullum hannayenta biyu da kaya, ko da kuwa kayan bai kai a ɗauka da hannu biyu ba. Matan Hausawa masu wankau a layin suka yi ta yabonta. Ga Bayahudiya mai kunyar 'yar fari, kamar a Kano aka raine ta.

Rannan yarinyar, ba ta wuce shekara huɗu ba, ta bi ɗan akuya ta fita ƙofar gida. Wata babbar motar kaya tana ja da baya, direban bai gan ta ba. Rahila tana tsaye a bakin ƙofa, almakashi a hannu ɗaya, yadi a ɗayan. Ta ga abin da zai faru. Ta buɗe baki. Babu abin da ya fito. A nan Habboba takan buɗe nata bakin ta nuna mana, babu haƙori ko ɗaya a sama, mu yi ta dariya duk da mun san abin da ke tafe. Ita Habboba ce ta yar da wankin ta ƙwala kira, "Dina!" Yarinyar ta juyo, ta tako biyu, motar ta wuce ta bayanta har ta goge mata riga.

Daidai nan Gwaggo Ladi take karɓe labarin.

"Kun ji ko? Mota za ta taka 'yarta amma bakinta bai iya furta sunan ba. Bayahudiya ke nan fa! Ku kuwa 'yan Madina, ranar da kuka haihu har rawa za ku yi da ɗan a tsakiyar titi, kuna ya habibi, ya galbi. Tir."

Matan su yi dariya, a ce wallahi haka ne. Sau da yawa a lokacin ake kiran isha, su tashi su kakkaɓe zani su sauka. Ragowar labarin sai ya zama namu, mu da barci ya fara ɗauka, da Umma a bakin matakala. Habboba takan rage murya, amma ba ta taɓa tsallake shi ba.

Da la'asar ɗin ranar, in ji ta, Rahila ta zo wurin wanki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kife baho ta zauna a kai. Da guntun Larabcinta ta ba da labari. A sansanin akan jera su layi, wani soja ya tsaya yana nuni da yatsa: masu ƙarfi nan, marasa lafiya can. Waɗanda aka ce can ba a sake ganinsu. Ranar ƙanwarta tana tari, jikinta zafi, tana riƙe da hannun Rahila. Da layi ya matso, Rahila ta ga idan aka gan su manne da juna tare za a tura su. Sai ta buɗe yatsunta. Ba wanda ya ce ta buɗe. Ƙanwar ta yi ta kiranta, ita ba ta waiwaya ba.

"Me kika ce mata, Habboba?"

"Me zan ce? Yarinya ce ni, hannuna duk kumfa. Na ce mata, Sitti, Allah Mai gafara ne. Ta ce, wannan na sani. Ƙanwata ce ban sani ba."

Bayan wasu shekaru Yahudawan garin suka fara tashi gida-gida. Habboba ta raka su tashar jirgin ƙasa ta Hartum da ƙunshin kaya a ka. Abin da ta gani na ƙarshe shi ne Rahila tana tafe, jaka a hannun dama, kan keken ɗinki a na hagu, yarinyar tana biye tana riƙe da gefen siket ɗinta.

"Daga nan fa?"

"Daga nan jirgi ya tashi."

Wannan yana ba ni haushi ƙwarai. Tun ina ƙarama ba na son abin da ba shi da ƙarshe. Nakan ce mata wannan ai ba labari ba ne, kura ma ana kashe ta a huta. Ta ce in je in kai ƙara wurin direban jirgin.

Sau ɗaya Abba ya tarar ana yi, ya tsaya da rigar aikinsa ya ce, "Hajja, a garin Manzo, a rasa labarin da za a ba yara sai na Bayahudiya?" Ko kallonsa ba ta yi ba. "Gishirin gidanta na ci. Da kuɗin wankin gidanta na haye Bahar Maliya kana cikina. Zauna ka sha gahawa ko ka ba mu wuri." Ya zauna.

Yanzu bari in faɗi nawa. Ni ce 'yar fari a wurin Umma. Sunana Hawwa, kowa yana ce min Kulu. Umma ba ta taɓa kiran ko ɗaya daga ciki ba. "Ke." "Yarinyar nan." Idan tana son a kira ni sai ta ce wa ƙanina, "Je ka ce da yayarka." Ƙannena kuwa tana kiran sunansu, tana goya su, tana zane su idan sun yi laifi. Ni ko duka ban samu ba. Kayan makarantata sun fi na kowa guga, gashina ya fi na kowa kitso mai kyau, amma a wurin maƙwabciya ake yi min shi. A layinmu matan Larabawa suna leƙowa ta taga suna ƙwala wa 'ya'yansu kira har unguwa ta ɗauka, ni ina tsaye ina jin kamar in ari suna ɗaya. Da na yi ƙorafi sai Gwaggo Ladi ta ce in gode Allah, uwata 'yar asali ce, a Madinar nan an daina samun mai kunyarta. Na yarda. Me zai hana? Al'adarmu ce, kuma ta zauna daram a kan abin kamar murfi a kan tukunya.

Wani dare, ina wajen shekara tara, da aka zo wurin tashar jirgin sai na tambayi abin da ban taɓa tambaya ba.

"Habboba, ita yarinyar ta san dalili?"

Ba ni ta kalla ba. Bakin matakala ta kalla.

"Ba a gaya mata ba. Da an gaya mata da ta huta. Uwar ma da ta huta."

Ƙarar wuƙar Umma a kan faranti ita ce sautin da muke barci da shi, har ba ma jin ta. Daren na ji ta, saboda ta tsaya. Umma ta tattara dabinonta, ta ce sanyi ya yi yawa, ta sauka. Habboba ta daɗe tana tona wutar da ba ta bukatar tono. Ni kuwa ban ɗauki komai ba. Na ja bargo na ƙwace tsakiya.

Da na gama firamare Abba ya tura ni Kano wurin dangin Habboba in yi sakandare, wai kada in tashi ban san gida ba. A can na iya rubuta Hausa da karanta Turanci. Ina can Habboba ta rasu, sai a waya aka gaya min. Na dawo, aka ɗaura min aure da Malam Nura, ɗan Zariya ne da yake karatu a jami'a a nan, mutum mai haƙuri, wanda ya fi ni da nisa. Muka kama ɗaki ba nisa da gidanmu.

Maƙwabciyarmu Anti Bilki 'yar Kaduna ce, tana ba da magani a wani asibiti. Da ta ga zaman gida yana neman haukata ni sai ta fara ba ni littattafan labari na Turanci da take sayowa idan ta je hutu. A ciki akwai wasu da ta naɗe bangonsu da takardar kalanda. Duk labarin Yahudawan da suka tsira daga wancan yaƙin ne. Na buɗe na farko: ga lambar a hannu, ga layin, ga yatsan sojan, ga burodin ƙarƙashin matashi. Ashe Habboba ba ta ƙara ko gishiri ba. Tsohuwar da ba ta san alif na boko ba ta riga ta ba ni duk wannan a kan soro.

Amma ƙarshensu ya ba ni haushi fiye da rashin ƙarshen nata. Duk tafiyarsu ɗaya ce. Mutum ya tsira, ya bar wani a baya, abin yana cin sa. Ya je sabuwar ƙasa, ya buɗe shago, ya yi aure, ya haihu. Can a shafukan ƙarshe sai ya zaunar da ɗansa a bakin teku ya faɗa masa komai, su rungume juna, a yi kuka, a warke. Na mayar wa Anti Bilki na uku ban gama ba. Na ce mata wanda ya rubuta wannan bai taɓa wanki a gidan Rahila ba. Ta ce, "Kulu, ke dai ba a iya miki. Mutane suna son su rufe littafi su yi barci." Kada kuma wani ya kawo min zancen abin da muke gani a talabijin tsakanin Yahudawa da Larabawa. Ina gani, ina kuka kamar kowa. Rahila ba ta cikin wannan. Tana zaune ne a kan bahon wanki a Umdurman.

Duk da haka ban haɗa komai da gidanmu ba. Ni da nake ganin na fi kowa wayo.

Watannin baya ciwon ƙoda ya kwantar da Umma, ina da ciki wata biyar. Abin da na sani game da ita kaɗan ne: Bahaushiyar Cadi ce, yaƙi ya koro ta daga Injamena tana budurwa, tana da ƙanwa da ta rasu, sunanta aka sa min. Rannan wata tsohuwa 'yar Cadi ta zo dubiya daga Makka, Hajja Kaltuma, wadda rabona da ita tun ina rarrafe. Da na ɗage niƙabi na gaishe ta sai ta dafe ƙirji.

"Wannan ce mai sunan? La'ilaha illallahu. Har goshin."

Umma ta juya fuska bango. Da tsohuwar ta tashi na raka ta, na tare ta a barandar asibitin na ce ba za ta wuce ba sai ta gaya min. Ta ɗauka na sani. Wai duk 'yan Cadin Makka sun sani.

Ranar da suka gudu, in ji ta, mutane sun cika bakin kogin Shari suna neman hayewa Kusiri, garin da ke tsallaken ruwa, harbi yana matsowa ta baya. Ita da Umma kwalekwale ɗaya suka samu. Umma ta shiga, ƙanwarta Hawwa, 'yar shekara tara, tana cikin ruwa har ƙirji, hannunsu a haɗe. Kwalekwalen ya cika ya fara karkata, mutane suna ihu, mai tuƙi ya ɗaga filafili.

"Wasu sun ce fizge ta ruwa ya yi. Ita ta ce saki ta yi. Ni ina ciki amma kaina yana ƙasa, ban gani ba, ba zan yi wa Allah ƙarya ba."

Na ce, Abba ya sani? Ta ce abin da ya sani kawai ƙanwar ta rasu a yaƙi. Shi ya sa ya raɗa min sunan bai yi shawara da kowa ba, ya shigo da fara'arsa yana cewa ya mayar wa matarsa da 'yar'uwarta. Na ce, Habboba fa? Ta ce, "Ni na gaya mata, ranar sunanki, bayan an riga an yanka rago."

Ashe duk sanyin nan, duk rassan dabinon nan, da mutum ɗaya take magana. Suruka ba ta iya ce wa matar ɗanta, na san abin da ke cin ki. Sai ta ɗauko wata mata daga wata ƙasa da wani addini, wadda ba mai zargin tana da alaƙa da mu, ta ajiye ta a tsakiyar soro, ko Umma za ta matso. Shekara da shekaru. Ba ta matso ba.

Ni ba Habboba ba ce, ba na iya kewaye-kewaye. Na koma ɗakin na rufe ƙofa.

"Umma, Hajja Kaltuma ta gaya min."

Hannunta ɗaya da allurar ƙarin ruwa, ɗayan ya damƙe carbi.

"Yarinya ce ke a lokacin. Ko waye a wurin haka zai yi. Umma, ki kira sunana. Sau ɗaya. Ko Kulun ne ma na yarda."

"Aib, abin kunya," ta ce. "Ke da ciki a gaba kina maganar yara."

"Ba zan fita ba sai kin faɗa."

Ta daɗe tana kallon silin. Leɓenta ya motsa, na rantse ya motsa. Abin da ya fito shi ne, "Ke ba ki yi min komai ba." Sai kuma, "Ɗago min gadon nan, bayana ya gaji."

Na ɗaga. Na zare carbin na sa hannuna a cikin nata. Ba ta janye ba, amma ba ta rufe yatsunta ba. Tafin a buɗe yake, nawa yana kwance a kai kamar an ajiye cokali a faranti. Can ta zame shi ta gyara mayafinta, wanda babu abin da ya same shi. Ta rasu kafin azumi. Ba bakin teku, ba runguma. Haka ake yi a gaske.

Na daɗe ina juya labarin Habboba tun daga lokacin, ina neman darasin da ake cewa kowane labarin kaka yana da shi. Abin da na samu ba mai daɗi ba ne. Mutum yana iya tsira, ya dasa lemo, ya yi ƙiba, ya cika gida da 'ya'ya, a ce ya warke, alhali yana nan tsaye inda ya buɗe yatsunsa. Kuma wanda aka haifa daga baya shi ake ba kayan ya ɗauka, ba a gaya masa ko mene ne a ciki ba. Mu kuma namu ya fi muni, don muna da kyakkyawan suna da muke lulluɓa abin da shi. Mace tana nutsewa a gabanmu muna tafa mata muna cewa ga mai kunya. Wani lokaci nakan tuna Dina. In tana raye ta tsufa yanzu. Ban sani ba ko ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta. Ina zaton ba ta ji ba.

Ranar da aka share makoki, Abba ya kira Malam Nura gefe, amma da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya ce tunda likita ta ce mace ce, to an mayar da Zainaba. Malam Nura ya ce ai ba sai an faɗa ba, Baba. Gwaggo Ladi ta share hawaye ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta dafa kafaɗata.

"Sai mu riƙa ce mata Ummi. Ke kuwa kunya biyu ta hau kanki, ga 'yar fari ga sunan uwa. Bakinki da sunan nan har abada. Mu ga ko za ki kamo ƙafar marigayiya."

Kowa ya yi murmushi. Kyauta suke ganin sun yi min.

Saura 'yan makonni in haihu. Jiya na gaya wa Malam Nura cewa ba za a sa wa 'yata sunan Umma ba, ba kuma na Habboba ba, ba na kowa da aka binne ba. Nawal nake so. Babu mai shi a danginmu, ba wanda ya mutu da shi. Ya ce Abba ba zai yafe min ba, mutane za su ce na ƙi uwata tun kabarinta bai bushe ba. Na ce na sani. Na ce idan kuma suka raɗa Zainaba ta ƙarfi, to gatsal zan riƙa kiranta da shi a gaban Abba, safe da yamma, su zaɓa. Ya ce shi ba zai iya tunkarar surukinsa da wannan ba, sai dai in je da kaina.

Ba na cika baki cewa zan fi Umma. Da ya fita masallaci na tsaya a tsakiyar ɗaki na gwada kiran sunan da ƙarfi, yadda matan layinmu suke yi ta taga. Sai da na yi sau uku kafin ya fito, kuma da na duba, ban san lokacin da na ɗauki tsintsiya a hannu ɗaya da tsumma a ɗayan ba. Na ajiye su.

Gobe bayan la'asar zan je gidan Abba. Zan sa ya hau soro, inda kaskon Habboba yake har yanzu a kife, in ba shi labarin kogin Shari daga farko har ƙarshe, wanda ya kwana da shi a ɗaki ɗaya shekara ashirin da wani abu bai sani ba. Zai ji ciwo, kuma ba zai gode min ba. In na gama zan gaya masa sunan jikarsa. Ba zan riƙe jaka ba, ba zan kai masa ko dabino ba. Hannu biyu zan je, babu komai a ciki.